Nisan da ke Tsakanin Lome da Kano

Tun ranar da muka dawo ban huta da tambaya ba. A Islamiyya a tambaye ni, a gidan suna a tambaye ni, har mai wainar ablo ta ƙofar gidanmu sai da ta riƙe min kwano ta ce ba za ta ba ni ba sai na gaya mata ko da gaske ne akwai makewayi a cikin jirgi. Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba.

Waɗanda suka san Mma, mahaifiyata, sun san ba a Lome aka haife ta ba. 'Yar Kano ce, ta Fagge. Babanmu, Allah ya jiƙansa, ya auro ta lokacin da yake fataucin goro, ya taho da ita a bayan babbar mota. Tun muna yara muke jin labarin hanyar nan kamar tatsuniya: Kamba, Gaya, Malanbil inda suka kwana a bakin kogi suna jiran a buɗe iyaka, Jugu inda taya ta fashe, Sokode inda ta fara cin akume ta yi kuka don ba tuwon gidansu ba ne. Fiye da mako suka yi, ta iso da kumburarrun ƙafafu. Daga ranar ba ta sake taka Kano ba. Da tsohuwarsu ta rasu Mma tana da tsohon ciki, sai fatake ta ba sallahun ta'aziyya. Bayan nan sai goyo, sai jinyar Baba, sai takaba, shekaru suka yi ta shuɗewa har kusan hamsin.

Mutum ɗaya ya rage mata a can, yayarta Inna Ladi, wadda ta yi jinyar tsohuwar ita kaɗai. Sukan gaisa a waya ranar Sallah, gaisuwar da ba ta fi ta maƙwabta ba. Kullum Mma ce ke rufewa da cewa, "Nisa ne, Yaya, wallahi nisa ne." Daga can a ce, "Haka ne," a kashe.

Sai ga shi bayan ƙaramar Sallah, Binta 'yar Inna Ladi ta kira yayana Musa. Ta ce jikin Inna ya yi tsanani, idonta ya tafi, abinci sai an lallaɓa, kuma duk wanda ya yi sallama sai ta ce, "Habi ce?" Habi sunan Mma ne. Binta ta ce in da rabon su ga juna, to, kada a ja lokaci.

Washegari Musa ya shigo yana kaɗa takardu. "Mma, magana ta ƙare, na sayi biye, tikiti yana hannu. Jirgi za ku hau, ke da Auta." Ni ce Autar. Ya ce babu wanda zai kai mu Kano kai tsaye, sai mun sauka Legas mun canja. Maigidana ya yi mini izini, ya ce in je in samo ladan.

Mma kuwa shirin tsohuwar hanya ta yi. Gida-gida ta bi a Zango tana neman gafara, har gidan matar da suka yi cacar baki a kan kaza tun ina firamare. Ta sa na shiga kasuwar Asigame na sayo wa Inna atamfa. Sannan ta zauna ta haɗa guzuri: dakuwa, soyayyen nama, cukun wagashi, garin rogo, kwalbar shito, soyayyen barkonon nan namu, gorar zoborodo, ga buta, ga 'yar tabarma.

"Mma, kafin ki kwance ƙullin nan kun sauka," in ji Musa.

"Kai dai yi shiru, ɗan Lome. Ina ka san hanya?"

Ranar tafiya rabin unguwa suka rako mu bakin titi, ana ta addu'a ana share hawaye. Tasi ta bi da mu ta Agbalepedo, muka faɗa cunkoso, 'yan zemijan masu haya da babur suna kutsawa ta gefenmu kamar kifaye. A wajen kasuwar Hejiranawe wata motar gawayi ta mutu a tsakiyar hanya, muka tsaya har gumi ya jiƙa mayafina. Mma ba ta damu ba. Ita a wurinta haka tafiya take.

A filin jirgi wata ma'aikaciya ta buɗe jakar Mma. Ta ɗaga kwalbar shito, ta ɗaga gorar zoborodo, ta ce da Faransanci waɗannan ba sa shiga. Na fassara. Mma ta dube ta sama da ƙasa, ta koma yaren Mina na mutanen Lome, ta ce, "'Yata, kina da yara? To kai musu. Ni na soya da hannuna." Matar ta yi dariya ta ce aikinta bai yarda ba, amma ta gode. Iyakar ƙasa kuwa wani ɗan akwatin gilashi ne, da mutum a ciki. Ya dubi fasfo, ya dubi fuska, ya buga hatimi. Muka wuce. Mma ta tsaya tana waige.

"Iyakar ke nan?"

"Ita ke nan, Mma."

"Ba a kwana?"

Da muka zauna a jirgi na ɗaura mata ɗamara, muka karanta addu'ar hawa tare. Ya yi ta gudu a ƙasa har na ce ko ya fasa tashi ne, sai kawai na ji cikina ya sauka ƙafata. Na leƙa. Ga Lome a kwance, jan rufi da farin rufi, ga teku yana jan farin zare a bakin yashi. Can sai muka shige cikin gajimare muka fito ta samansa. 'Yan'uwa, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Kamar an shanya audugar duniya duka a tsakar gida ɗaya, ba kowa a gidan, rana kaɗai ke gadi. Ba motsi, ba ƙura. Sai na ji kamar ba tafiya muke ba, an rataye mu ne kawai ana janye ƙasa daga ƙarƙashinmu. Na yi ta tasbihi ban san ina yi ba.

Mma ta taɓo ni. "In mun zo Sokode ki nuna min."

Na ce ba ta can za mu bi ba, bakin teku muke bi. Aka kawo mana ruwa da ɗan biskit. Ban gama kokawa da ledar ba aka ce a gyara zama, za a sauka.

A nan ne kuskurena ya soma. A takardar, tsakanin lokacin tashi da na sauka kusan awa biyu ne. Na dubi agogon hannuna na ga ko awa guda ba mu cika ba. Sai na ce a raina, lallai direban nan yana da hannu, ya ci mana rabin hanya. Hanyar Zango zuwa filin jirgi ma ta fi wannan cin lokaci. Na yi murna, na ce wa Mma mun samu rarar lokaci, sai mu huta.

Filin Legas gari ne guda. Turanci ta ko'ina, ni kuwa da Faransanci na yi makaranta, Turancina bai wuce na gaisuwa da ciniki ba. Aka buga mana hatimi, aka duba katin allura, aka ce jirgin Kano a wani gini yake tashi, sai mun hau mota. Muka je. Ina shiga na hangi babban agogo a bango, ya wuce nawa da awa guda cif. Har tausayinsu na ji. Na ce wuri kamar wannan, a rasa mai hawa ya gyara agogo! Wayata kuma tun Lome take a kashe, don ba ni da layin ƙasar.

Muka nemi wurin salla. A can muka haɗu da wata mata mai jiki, mai haƙorin Makka, Hajiya Talatu, 'yar kasuwa ce a Agege, ta rako 'yarta da za ta koma makaranta Kano. Ta ji ina ce wa Mma mu yi ƙasaru, Mma tana cewa a'a.

"Wace tafiya na yi da zan rage salla? Ko wake aka ɗora da muka tashi, ai bai nuna ba."

"Baba, daga ina?" in ji Hajiya.

"Daga Lome."

"To ai kin yi tafiya. Malamai nisan suke dubawa, ba daɗewar ba. Iyaka biyu fa kika tsallake."

Mma ta yi ƙasarun, amma na ga ranta bai kwanta ba. Hajiya ta yi gaba da 'yarta cikin sauri. Mu kuwa muka shimfiɗa tabarma a wani lungu, Mma ta kwance guzuri don kada a ce ta yi shi a banza. Muna cin dakuwa na ji lasifika tana cewa Kano, Kano. Na dubi agogona na ce wannan na farko ne, namu da saura.

Muna nan sai ga Hajiya ta dawo ita kaɗai. Ta yi turus.

"La ilaha! Ku ba Kano za ku ba? Mu ga takardarku." Ta duba, ta dafa ƙirji. "Ai jirginku ne wannan! Tun ɗazu aka rufe."

Na miƙa mata hannuna ina nuna agogo. Ta kama hannun ta duba, ta ce, "'Yar nan, wannan ai lokacin Togo ne. Mu nan muna gabanku da awa guda."

Sai a lokacin karatun aji uku ya dawo min, malaminmu riƙe da ƙwallon duniya yana juya shi. Na sani fa. Na taɓa cin jarrabawa a kansa. Amma ban taɓa zaton abu ne da zai same ni ba. Na ruga wurin masu karɓar kaya ina haɗa Faransanci da Hausa da kuka. Suka ba ni haƙuri, suka ce ƙofa ta rufu, kuma babu wani sai gobe da safe.

Hajiya ta ba ni wayarta na kira Musa, ya yi faɗansa ya gama, ya ce zai gyara mana na safe. Sannan na kira Binta. Ta ce tun hantsi Inna ta sa a canja mata zane, ta sa a share ɗaki. Yau ko kunu ta ƙi sha, wai sai Habi ta zo. Muryar Binta ta yi ƙasa, ta ce, "Ku dai yi ƙoƙari. Numfashin nata ne ba na so." Na jingina da bango na ce, ya Allah, kada ka sa awa gudan nan tawa ta raba su.

Hajiya ta ce ba za mu kwana a benci tana da gida ba. Ta sa mu a motar haya ruwan ɗorawa, kwandasta yana rataye a ƙofa yana ihu kamar ana biyo shi. Ashe Agege ma Zango ce. Ga masu goro, ga masu tsire, ga allunan yara a jingine a ƙofar masallaci. Bambancin kawai, inda muke sa Faransanci su Turanci suke sawa. Duk lokacin da na ce "wi" sai jikokinta su tuntsire da dariya, ni ma in suka ce "yes" in rama. Maƙwabciyarta Bayarabiya ta shigo ta durƙusa har ƙasa ta gaida Mma, ta aiko da amala da wata miya mai yauƙi. Mma ta ce wannan ai akume ne ya sha rana. Barkonon kuwa, mu da muke taƙama da shito, sai da muka nemi ruwa.

Da la'asar sakaliya muka zauna a baranda ni da Mma. Gidan yana kusa da filin, jirage suna ta wucewa ta kanmu, ƙasa-ƙasa, har kana ganin cikinsu. Wani na sauka wani na tashi, kamar masu ɗiban ruwa a rijiya. Ni ina ta istigfari a zuci. Da na dubi Mma sai na ga abin da ya ba ni mamaki: fuskarta ta fi ta safe sakewa.

"Auta, gobe daga nan zuwa Kano, kamar yaya ne?"

"Hajiya ta ce bai kai awa biyu ba."

Ta ƙirga a yatsunta, ta daɗe tana kallon yatsun. "Wato da ba mu makara ba, da na yi azahar a nan, in yi magariba a ɗakin Yaya."

"Haka ne, Mma."

"Shekara da shekaru ina ce mata nisa ne." Ta goge ido da bakin mayafi. "Kuma wallahi ba ƙarya nake ba. Ni nisan da na sani ke nan. Yanzu in shiga mata da zanena ko ƙura babu, ƙafata ko kumburi ba ta yi ba, in ce mata me? Ita ta yi wa tsohuwarmu wanka ita kaɗai. Ba za ta ce ashe nan da nan nake ba, na ƙi zuwa?"

Wani jirgi ya wuce, muka jira ƙararsa ta lafa.

"Auta. In ta tambaye ki, ki ce a mota muka zo."

Matar da ta taɓa dukana don na ce na share ɗaki alhali ban share ba, ita ce yau take roƙona wannan. Na kama hannunta na ce, "Mma, ni dai ba zan ce komai ba. Ke za ta tambaya." Aka kira magariba muka tashi.

Da asuba Hajiya da kanta ta kai mu, ta cire agogon daga hannuna ta gyara shi, ta ce, "Ungo, yanzu kin shigo Najeriya." Ta ƙi karɓar komai sai wagashi, shi ma don Mma ta rantse. Allah ya saka mata da Aljanna.

Wannan karon sama garau take. Na ga kore yana raguwa a hankali, daji yana zama gonaki, gonaki suna zama ja-ja. Wani babban kogi ya bayyana yana walƙiya, siriri kamar zaren azurfa da aka yar a ƙasa. Wani bawan Allah a gefenmu ya ce Kwara ce. Mma ta manna goshi a taga. "Wannan ne muka kwana a bakinsa? Sauro ya cinye mu, Babanku yana ta yi min fifita da hularsa." Kafin ta rufe baki kogin ya wuce. Ta ci gaba da kallon inda yake. Ni kuma ina ta tunanin yarinyar nan da ke can ƙasa a bayan mota, amarya, tana tafiya kudu tana kuka, mu kuma muna wucewa ta samanta za mu arewa, ba ta ɗago ta gan mu ba.

Mijin Binta ya tarbe mu. Abu na farko da na tambaya shi ne jikin Inna. Ya ce da sauran numfashi, alhamdu lillahi. Muka shiga mota. A hanya Mma tana ta neman Kanon da ta bari, ba ta ga ko ɗaya ba sai gadoji da 'yan adaidaita. Sai da muka shiga wani lungu a Fagge, ƙamshin daddawa ya bugo mu, ta ce, "Tsaya. Nan ne." Kuma nan ɗin ne.

Ɗakin da duhu-duhu, da ƙamshin turaren wuta. Inna Ladi tana kwance, 'yar ƙarama kamar yarinya, cikin sabon zanen da ta sa tun jiya. Mma ta yi sallama.

"Habi ce?"

"Ni ce, Yaya."

Ta durƙusa a bakin gadon. Inna ta miƙo hannu tana lalube, ta shafa fuskarta, ta shafa kunnuwanta, ta ce, "Kin tsufa." Mma ta ce, "Ke ma." Muka yi dariya muna kuka. Sai Inna ta gangara da hannun ta kama ƙafar Mma, kamar yadda ake yi wa wanda ya sha hanya, tana matsawa a hankali.

"Sannu da hanya, sannu. Kwana nawa kuka yi?"

Mma ta juyo ta dube ni. Na sunkuyar da kai ina kallon tabarma.

"Kwana ɗaya, Yaya. A jirgi muka zo. Shi ma kwanan makara muka yi. Zaman da muka yi a sama, duka-duka bai kai daga azahar zuwa la'asar ba." Ta dafa hannun yayarta. "Ashe kusa ne. Ban zo ba ne kawai. Ki yafe ni."

Hannun Inna ya tsaya a kan ƙafar. Fararen idanunta suna kallon rufi.

"Daga azahar zuwa la'asar," in ji ta. "Binta, kin ji?" Sai ta juyo da fuska wajen Mma. "To ke Habi, shi jirgin nan, zuwa kawai yake yi? Ba ya komawa?"

"Yana komawa, Yaya."

"To ni me ya hana ni? Mijinki ya rasu, na zo miki? Kin aurar da 'ya'ya, na zo? Ina nan zaune ina ƙirga miki laifi, ashe hanyar da tsawonta ɗaya ta kowane ɓangare." Ta ja ƙafar Mma ta rungume a ƙirjinta. "Na yafe. Ke ma ki yafe min. Tashi daga ƙasan nan, hau nan kusa da ni."

Mma ta hau gadon ta kwanta a gefenta, tsofaffi biyu a kan filo ɗaya. Can sai Inna ta ɗaga murya, da ƙarfin da Binta ta ce rabon da ta ji shi tun kafin azumi.

"Binta! Ina kunun nan? Kawo cokali biyu."